Kyankyason Madagaska mai ratsi: wane nau'i ne, kuma da gaske yana da wuyar samu?

“Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jamus ne, kuma ina cikin masu kiwon ƙwari don sha'awa. A wani baje kolin dabbobi na sayi kyankyasai masu huci na Madagaska guda 12, baƙaƙe masu ratsin ruwan ƙwai a gadon baya. Mai sayarwar ya rubuta Gromphadorhina grandidieri a jikin robar, ya ce nau'i ne mai wuyar samu, ya kuma sa musu kuɗi fiye da na sauran. Yanzu sun hayayyafa, sai na ga wasu daga cikin 'ya'yan sun fito baƙi ƙirin, wasu kuma jaja-jaja, ratsin bai fito sosai ba. Wani abokin kiwo ya ga hotonsu ya ce ai Princisia ne, ba abin da aka rubuta ba. Ina da wani akwatin na masu hucin gama-gari kusa da su. Ta yaya zan tabbatar da nau'insu, kuma da wane suna zan ba wa wasu idan sun nema?”

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake son sani, ko da yake ka haɗa su wuri ɗaya: ko sunan da aka rubuta a jikin robar daidai ne, ko zuriyar da ke hannunka tsantsa ce ba ta gauraya da wani nau'in ba, da kuma ko ƙarin kuɗin da ka biya saboda “wuyar samu” yana da dalili. Na farko ana iya kusantar amsarsa idan aka duba baligin namiji da kyau. Na biyu ba ido ke yanke shi ba, tarihin zuriyar ne ke yanke shi. Na uku kuwa, tun yanzu zan iya gaya maka cewa kyankyason da ka siffanta ba baƙo ba ne a hannun masu kiwo na Turai da Amurka, kuma kamar yadda ka gani da idonka, ba ya ƙin haihuwa a akwati.

Inda sunayen suka samo asali

Masana sun siffanta nau'o'in kyankyaso wajen 4,600 a duniya, kuma waɗanda ke zama tare da mutane a gidaje ba su wuce kimanin 30 ba. Masu huci wani ƙaramin rukuni ne mai nau'i wajen 20, ana kiransa Gromphadorhinini, kusan dukkansu kuma daga Madagaska suke, inda suke rayuwa a ƙarƙashin busassun ganyaye da ruɓaɓɓun itatuwa. Ba su da fukafukai, mazansu da matansu, hucin kuma suna yin sa ne ta hanyar matso iska daga wasu ƙofofin numfashi biyu da ke gefen cikinsu. Macen ba ta yar da jakar ƙwanta a lungu kamar yadda babban jan kyankyason nan na bayan gida, Periplaneta americana, yake yi. Tana riƙe jakar a cikin jikinta wajen wata biyu, sai 'ya'yan su fito da ransu. Tana kuma iya ajiye maniyyin namiji na tsawon lokaci, wanda ke nufin idan ka sayi baligar mace, ba ka san da wane namiji ta haɗu ba kafin ta zo hannunka. Ka riƙe wannan, domin zai shigo cikin maganar 'ya'yan da suka fito daban.

A dangin Gromphadorhina akwai nau'i huɗu da aka amince da su. Wani masanin ƙwari mai suna Schaum ya siffanta portentosa a 1853, wanda shi ne sunan da ake liƙa wa kusan kowane mai huci a kantunan dabbobi. Kirby ya siffanta grandidieri a 1904, yana karrama Alfred Grandidier, Bafaranshen da ya yi bincike mai yawa a Madagaska. A 1973 van Herrewege ya ƙara oblongonota da picea, kuma a shekarar ce ya kafa sabon dangi mai nau'i ɗaya tak, Princisia vanwaerebeki, wanda abokinka ya ambata.

Abin da masu kiwo da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sunan kimiyya ba a ɗaure yake da hotunan da ke yawo a intanet ba. A ɗaure yake da wani busasshen ƙwaro na musamman, wanda aka soke da allura aka ajiye a gidan adana halittu, tare da bayanin da wanda ya raɗa sunan ya rubuta a kansa. Duk wanda ya ce wannan grandidieri ne, da'awarsa ita ce ƙwaron ya yi daidai da wancan samfurin na Kirby. A kasuwar masu kiwo kuwa, sunan yakan bi roba ne daga hannu zuwa hannu: wanda ya fara shigo da ƙwaron ya yi hasashe, na biyu ya kwafa, na goma ya rantse a kai. Haka ta faru da kyankyason Indiya baƙi mai fararen ɗigo, wanda aka shafe shekaru ana kiwonsa da sunan Therea petiveriana, sai a 2009 wani mai bincike, Fritzsche, ya nuna cewa na hannun masu kiwo wani nau'i ne daban, ya sa masa suna Therea bernhardti. Babu wanda ya yi niyyar yaudara a wannan, an dai gaji kuskure ne.

Mai ratsin naka yana cikin irin wannan rikicin. A Amurka an saba sayar da shi da sunan grandidieri, a Turai kuma sau da yawa za ka gan shi da sunan Princisia vanwaerebeki tare da wani laƙabin launi a gefe. Masu bin diddigi a cikin masu kiwo sun daɗe suna nuna cewa wannan mai ratsin bai dace da grandidieri na asali ba. Saboda haka abokinka bai yi magana a banza ba, amma hoto ɗaya da aka ɗauka daga sama bai isa ya tabbatar da tasa maganar ba shi ma.

Launi shi ne shaida mafi rauni

Na san launin ne ya ja hankalinka ka saya, kuma shi ne ya tayar maka da hankali yanzu, sai dai a wannan rukunin ba a gina hukunci a kansa. Uwa ɗaya takan haifi 'ya'ya masu bambancin launi. Fitowar baƙaƙe a cikin zuriyar masu ratsi abu ne sananne, har wasu masu kiwo suka riƙa ware su suna haɗa su da juna, suka samar da layin baƙaƙe zalla da ake sayarwa da nasa sunan. Don haka baƙin ɗa shi kaɗai ba hujja ba ne cewa an samu gauraya.

Jajayen da ratsinsu bai fito ba sun fi cancanta a sa musu ido, amma kada ka yi gaggawa. Ɗan kyankyason nan yakan yi saɓa wajen sau shida kafin ya balaga, cikin wata biyar zuwa bakwai idan akwai ɗumi, kuma kamanninsa na sauyawa daga saɓa zuwa saɓa. Wanda ya yi saɓa yanzu fari fat yake fitowa, sai bayan wasu sa'o'i jikinsa ya yi tauri ya yi duhu. Da yake ba su da fukafukai, babban ɗa da baligi suna kama da juna, mutum yakan ɗauka ya gama girma alhali saura saɓa ɗaya. Ga kuma fitilar ɗaki da kyamarar waya, waɗanda ke mayar da ruwan ƙwai ya koma ja, ja ya koma ruwan ƙasa. Ka jira har 'ya'yan su balaga, ka ba su 'yan makonni bayan saɓar ƙarshe, sannan ka dube su a hasken rana.

Abin da ake dubawa a jikin baligin namiji

Kusan duk abin da ke raba waɗannan nau'o'in yana jikin namiji ne, a garkuwar nan mai tauri da ta rufe bayan kansa. Matan nau'o'in sun yi kama da juna ƙwarai, ko ƙwararre yakan ƙi yanke hukunci a kansu. Gane namiji ba wuya: yana da ƙahoni biyu a kan garkuwar, inda mace take da 'yan ƙulle-ƙulle kawai, dogayen gasun ji biyu da ke kansa sun fi kauri da gashi wajen gindinsu, idan kuma ka juya shi, gaɓar ƙarshe ta ƙasan cikinsa ƙarama ce, ta mace kuwa faffaɗa.

Ka zaɓi manyan maza, kada ka ɗauki ƙanana. Namijin da ya tashi cikin cunkoso ko ƙarancin abinci yakan balaga da ƙaramin jiki da guntayen ƙahoni, alamomin nau'insa duk su dushe, har ka ɗauka wani abu ne daban. Sai ka sa shi a firji na 'yan mintoci don ya lafa, ba a firiza ba, ka ɗora shi a kan farar takarda da rula a gefensa. Ka ɗauki hoto daga sama, da ɗaya daga gefe daidai tsayin ƙahonin, da ɗaya daga gaba kana fuskantar garkuwar, da ɗaya na ƙarshen cikinsa ta ƙasa.

Wurin da za ka ƙura wa ido shi ne bakin garkuwar na gaba, daidai saman kai. A Princisia bakin yakan ɗago sama, da giɓi a tsakiyarsa, kuma akwai rami mai zurfi tsakanin ƙahonin. A Gromphadorhina bakin a zagaye yake sumul, babu wannan giɓin. Idan ka bi shi da farce a hankali za ka ji giɓin tun kafin ka gan shi, gilashin ƙara girma na hannu kuma ya isa ya nuna maka shi. Sauran 'yan rukunin sun fi sauƙin cirewa daga lissafi. Oblongonota babba ne, launinsa ja mai duhu sosai, ƙahoninsa manya, 'ya'yansa kuma da fararen tabo. Aeluropoda insignis jikinsa a baje yake, ƙahoninsa a kwance. Elliptorhina javanica shi ma yana da ratsin baƙi da ruwan lemo, shi ya sa ake rikita shi da naka, sai dai ƙarami ne, bai cika wuce santimita 5 ba, alhali portentosa yana kaiwa 7 har da ɗoriya. Shi kansa javanica ɗin ɗan Madagaska ne, ba na Java ba, wanda ke nuna maka cewa ko takardar da ke jikin samfurin gidan adana halittu tana iya ɗaukar wurin da ba shi ba.

Kada ka tsaya a kan namiji ɗaya. A nawa aikin, duk namijin da ya mutu a akwati nakan busar da shi, in rubuta lambar akwatin da watan da ya mutu, in jera su kusa da juna. Idan aka jera maza goma ko fiye na zuriya ɗaya, abin da ba ya fitowa a hoto sai ya fito fili. Idan dukkan manyan suna da giɓi iri ɗaya, to zuriyar ta yi kama da abin da ake kira Princisia. Idan babu mai giɓi ko ɗaya, ta karkata ga Gromphadorhina. Idan kuwa wani yana da giɓi mai zurfi, wani ɗan kaɗan, wani babu sam, alhali girmansu ɗaya, to zargin gauraya ya yi ƙarfi.

Matsalar ruwa-biyu

Nan ne ainihin wahalar take. Nau'o'in Gromphadorhina da Princisia suna barbarar juna a akwati, 'ya'yan da suka haifa kuma su ma suna haihuwa. Wannan, tare da yadda giɓin yake bambanta daga namiji zuwa namiji, shi ya sa wasu masana ke shakkar ko ya dace a ware Princisia a matsayin dangi mai zaman kansa tun farko. An shafe shekaru da yawa ana kiwon waɗannan ƙwari a ɗakunan bincike da gidajen namun daji da gidajen mutane, ana zuba wannan cikin wancan da tunanin duk abu ɗaya ne, shi ya sa masu kiwo na gaske suke ɗaukar yawancin abin da ake sayarwa da sunan portentosa a matsayin ruwa-biyu. Wanda ya san tumaki zai gane zancen: Uda rabin gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari, Balami kuma fari ne duka, amma idan aka bar su garke ɗaya shekara da shekaru, sai ka ga rago mai launin Uda sak wanda kakarsa Balama ce, kuma babu mai iya gane haka ta kallon fatarsa.

Ka ce akwai akwatin masu hucin gama-gari kusa da naka, wannan kuwa ya fi komai damuna a cikin wasiƙarka. Masu huci suna hawa gilashi da roba mai santsi ba tare da wahala ba, jariransu kuma ƙanana ne a baje, suna bi ta tsagar da ba za ka yi zato ba. Ɗa guda da ya tsallaka ya balaga a ɗaya akwatin ya isa. Haka nan kwalin kiret ɗin ƙwai da ake sa musu su ɓuya, idan aka ɗauke shi daga wannan akwatin zuwa wancan, yakan tafi da jarirai a lungunansa. Ka duba lissafin lokaci: idan jajayen suna cikin haihuwar farko, wata ɗaya ko biyu bayan ka saye su, to abin ya faru ne kafin su zo gidanka, ko dai a jikin matan da suka riga suka yi barbara, ko kuma zuriyar ce a gauraye tun asali. Idan sai daga baya suka fara fitowa, akwatin maƙwabta ya shiga zargi.

Ko wanne ne, ka shafa man basilin mai faɗin yatsu uku a bakin kowane akwati ta ciki, ka sa murfi mai raga ƙanana, ka nisanta akwatunan biyu, kowanne da nasa kayan. Abin da ba zai yiwu ba shi ne tsarkake zuriyar da ta riga ta gauraya ta hanyar tsince masu kyawun ratsi. Za ka iya samun layi mai kyan gani da ke haifar masu ratsi kusan kullum, amma jinin ɗaya nau'in yana nan a ciki.

Ɗakin bincike da iyakarsa

Hanyar da masana kyankyaso suka fi dogara da ita ita ce duba al'aurar namiji a ƙarƙashin na'urar ƙara girma, domin tana da wasu ƙananan ƙugiyoyi da faranti masu tauri waɗanda siffarsu ke bambanta tsakanin nau'o'i. Louis Roth, masanin kyankyaso na Amurka, ya yi dogon aiki a kan wannan, kuma har yau da shi ake tafiya. Sai dai a tsakanin nau'o'in da ke da kusanci har suna barbarar juna, bambancin yakan yi ƙanƙanta, ruwa-biyu kuma yakan faɗo a tsakiya.

Mutane da yawa suna ɗauka gwajin DNA zai kashe magana. Gwajin da aka saba yi, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, yana karanta wani guntun ƙwayar gado mai harufa wajen 650 da ake kira COI. Wannan guntun daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ma'ana, idan uwar kyankyason Princisia ce ubansa portentosa, sakamakon zai nuna ɓangaren uwa kawai, ya yi shiru a kan uban. Ƙari a kan haka, sakamakon ana kwatanta shi ne da abin da wasu suka riga suka ɗora a rumbun bayanai, idan kuwa su ma daga kantin dabbobi suka samo nasu da sunan da ba daidai ba, kuskuren ne zai dawo maka da hatimin kimiyya. Idan duk da haka kana son ka ajiye samfuri saboda gaba, ka kashe namiji a firiza, ka sa ƙafa ɗaya a sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 95 don gwajin DNA, sauran jikin a mai kashi 70, ka rubuta bayanin da fensir a takarda ka jefa cikin kwalbar, domin tawada tana narkewa. Don tabbatar da sunayen da aka amince da su da shekarunsu, akwai rumbun Cockroach Species File a intanet, wanda George Beccaloni ya fara haɗawa.

Ni kaina, daga hotuna huɗun da na ambata, iyakar abin da zan iya cewa shi ne zuriyar ta yi kama da kaza ko ba ta yi ba. Ba zan sa hannu a kan tsarkinta ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan alkawarin daga hoto ya faɗi abin da hoto ba ya nunawa.

Wuyar samu a ina?

Kalmar tana ɗaukar abubuwa daban-daban, mai sayarwa kuma yakan bar mai saye ya fahimci wanda ya fi daɗi. Akwai wanda ke da wuyar samu a kasuwa saboda jinkirin haihuwarsa, kamar Macropanesthia rhinoceros na Kwinsland a Ostareliya, mai haƙa rami, wanda ke kaiwa giram 30 yana kuma ɗaukar shekaru kafin ya balaga. Akwai wanda ke da wuyar samu a daji amma ya cika akwatunan masu kiwo. Misalin da aka fi sani daga nan Afirka ta Yamma yake: Simandoa conserfariam, wanda Roth da Piotr Naskrecki suka siffanta a 2004 daga wani kogo a tsaunukan Simandou na ƙasar Gini, inda yake rayuwa cikin kashin jemagu. An ruwaito cewa aikin haƙar ma'adinai ya lalata kogon, shi ya sa ake yawan cewa ya ƙare a daji, amma a hannun masu kiwo yana haihuwa sosai. Darajar irin wannan zuriyar tana cikin sanin kogon da ta fito da kuma rashin gaurayarta.

Mai ratsin naka ba ya cikin ɗayan biyun. A rukunin masu huci, abin da ke da wuyar samu da gaske shi ne zuriyar da aka san wurin da aka kamo kakanninta a Madagaska, aka kuma riƙe ta ita kaɗai tun daga lokacin. Saboda haka ka koma wa mai sayarwar da tambayoyi cikin ladabi: daga wa ya samo su, tun yaushe yake riƙe da su, shin akwai sunan wani yanki na Madagaska tare da su, kuma yana kiwon wasu masu huci a ɗaki ɗaya? Mai kiwo na ƙwarai yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyin, yakan ma ba ka amsa fiye da yadda ka nema.

Sunan da za ka rubuta

Shawarata ita ce ka daina amfani da grandidieri shi kaɗai. Idan manyan mazan duk suna da giɓi kuma 'ya'yan suna fitowa iri ɗaya, ka rubuta Princisia cf. vanwaerebeki, inda “cf.” ke nufin ya yi kama da shi amma ba a tabbatar ba. Idan babu giɓi, ka rubuta Gromphadorhina sp. mai ratsi, inda “sp.” ke nufin an san dangin, ba a san nau'in ba. Idan alamomin sun cakuɗe, ka rubuta a fili cewa mai yiwuwa ruwa-biyu ne, ka sayar da su a farashin gama-gari ga wanda ke son su don kallo, ko don nuna wa ɗalibai, ko don ciyar da ƙadangarun kiwo. A kowane hali ka ƙara layi ɗaya a ƙasa: an saya a Jamus a shekara kaza da sunan Gromphadorhina grandidieri, an ajiye kusa da akwatin masu hucin gama-gari har zuwa wata kaza. Idan wanda zai karɓa yana wata ƙasa ne, ya fara bincika dokar shigo da ƙwari ta can, domin akwai wurare kamar Kanada da jihar Fulorida ta Amurka da ke da tsauraran ƙa'idoji a kan kyankyasan ƙetare. Waɗanda suka yi maka yawa kuma kada ka sake su a waje, ka sa su a firiza kwana biyu kafin ka zubar.